Saniyar da Ta Amsa a Waya

Jiya da yamma ina zaune a bakin shagona a Unguwar Hajji, kuna kan bencin masu jiran caji, sai na ji wani a cikinku yana cewa wai aikin Malam Ilu ai ba aiki ba ne. Wai in kishingiɗa, in danna waya, in goge abin da ban so, shi ke nan sai a ce mini mai zauren hira na waya. Kuka yi dariya, ni ma na taya ku, don ba na faɗa da wanda aka haifa ya tarar waya tana magana. Amma maganar ta kwana a raina. To yau tunda an ɗauke wuta, janareta kuma ya ce shi ba ya yi, wayoyinku duk sun mutu, babu inda za ku. Ku matso in ba ku labarin sana'ar nan, da na saniyar Goggo Dije, wadda saura ƙiris a ɗora ta a tirela a yi Kudu da ita.

Aikin farko da aka fara ba ni shi ne wanke haruffan tafireta da tsohon buroshin haƙori. Ubangidana Malam Tanimu, Allah Ya jiƙansa, yana da tebur a gindin darbejiya kusa da sakatariya, nan cikin Karaye. Kayan aikinsa ba su da yawa: tafireta, riban, takardar kabon, ɗan man keke a kwalba, sai tsumman rufe ta idan hadari ya taso. Na daɗe ina goge-goge da canza riban kafin ya bar ni in taɓa harafi. Idan mutum ya zo a buga masa takarda, Malam ba ya ɗora hannu a kan tafireta sai mutumin ya gama zuba, ya koma ya sake, ya yi shiru don kansa. Sannan zai gyara tabarau ya yi masa tambaya guda: "Wa zai karanta?" Idan hakimi ne, da yadda za a faɗa. Idan suruki ne, da yadda za a faɗa. Ni a lokacin gani nake ɓata lokaci ne, ina ta ƙaiƙayin in ji ƙararrawar ƙarshen layi ta buga a hannuna.

Bayan rasuwarsa ne kwamfuta ta shigo. Na sayar da rabon gyaɗata na shekarar, na je Kano na kwaso tsofaffi masu ƙatuwar ƙeya, na kafa farantin kamo intanet a saman kwano, na rubuta kafe a bango da shuɗin fenti. Ku ba ku ga intanet ta wancan zamani ba. Idan ka danna, sai ka tashi ka sha ruwa, ka dawo ka tarar shafin yana sauka daga sama a hankali, kamar ana warware tabarma. Kuma idan ya gama sauka, naka ido ne kawai. Wasu mutane can wata uwa duniya su suka rubuta, kai ka karanta ka tashi. Na taɓa rubuta sunan garin nan in ga me za a ce, sai ga ɗan ɗigo a taswira, ko hanya ba a zana masa ba.

Duk da haka ina son lokacin. Da tsakar rana idan masu duba sakamakon jarrabawa sun watse, sai in zauna ni kaɗai, fanka tana kaɗawa, ina buɗe hotunan garuruwan da ƙanƙara ta rufe, da jiragen ruwa, da kasuwannin da ban san yarensu ba. Sai in ji kamar shagon ya tashi daga Karaye yana tafiya da ni, sai kiran la'asar ya dawo da ni.

Akwai wani dattijo, Baba Na'ibi, da ya ji labarin wai ana ganin Makka a shagona. Ya zo da sandarsa, ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, na zaunar da shi na buɗe masa hoton. Ya daɗe yana kallo. Can sai ya gyara murya ya yi wa allon kwamfutar sallama. Ya jira. Ya sake yi, ya karkata kunne. Sannan ya juyo ya dube ni.

"Ilu, wannan gida naku babu mutane ne? An yi sallama ba a amsa ba."

Na ce, "Baba, ai ba a magana da shi, kallo kawai ake yi."

Ya ce, "To Allah Ya kyauta," ya ɗauki sandarsa ya fita. Bai sake dawowa ba har ya bar duniya.

Ranar da abin ya fara sauyawa, wani malamin firamare ne a kan kwamfutar da ke bakin taga. Yana karanta labari a kan noman gyaɗa, sai ya kira ni ya nuna mini wani ɗan fili a ƙarƙashin labarin, wai an ce mai magana ya rubuta. Muka dubi juna. Ya rubuta cewa a wajenmu ba haka ake shuka ba, ya sa sunansa da na garinsa. Da ya dawo bayan kwana biyu, sai ga wani Bahaushe daga wata ƙasa ya ba shi amsa, har yana tambayar ko har yanzu ana yin ƙuli-ƙuli mai yaji a Rogo. Malamin nan ya kira duk wanda ke wucewa a titi ya zo ya gani. Daga nan kowa sai ya ce shi ma a buɗe masa shafinsa, da hotonsa a kai. Na sayo labule mai zanen gidan sama, na rataye wata baƙar kwat a ƙusa don ɗaukar hoton. Rabin samarin garin nan da kwat ɗin nan suka shiga duniya, har iyayen wasunku, kada ku sa in fara kiran suna.

Sai baƙar shekara ta zo. Wayoyi masu shiga intanet suka yi araha, kowa ya sa kafensa a aljihu. Sai in buɗe shago tun safe in share, in goge allo, har azahar babu wanda ya leƙo sai mai neman inuwa. A daminar ce kuma tsawa ta faɗo ta ƙone kayan farantin. Na koma gona, gyaɗar ta yi ganye ta ƙi 'ya'ya. Kwamfutocin na sayar wa masu gwangwan, ɗaya da ta rage na cire cikinta na ajiye a tsakar gida, kazar maiɗakina ta mayar da ita akurki. Na ji ciwon abin ƙwarai, don a zatona sana'ar ta mutu ke nan.

Ashe sauya kaya ta yi. Na sayi jeren soket na koma cajin waya da tura karatu da waƙoƙi. Masu kawo caji su ne masu cewa, Malam Ilu buɗe mini kaza, Malam Ilu na manta lambar sirrina. Da na ga kullum tambayarsu ɗaya ce, nawa masara a Rogo, taki ya iso ko bai iso ba, sai na buɗe mana zaure a waya, na zuba su ciki, na ce kowa ya faɗi abin da ya gani. Da farko 'yan boko ne kawai ke rubutu. Da saƙon murya ya zo sai gari ya shigo gaba ɗaya: tsofaffi, matan aure daga cikin ɗakunansu, direbobi, Fulanin rugage daga Falgore har bayan Gwangwan. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba ya danna da babban yatsa ya faɗi tasa.

A nan aikin yake, wanda kuke cewa kishingiɗa. Kayan aikina yanzu waya biyu ne, da abin ajiyar caji, da tabarau, da kunne. Duk saƙon da ya shigo sai na saurare shi har ƙarshe, ko da mai shi ya fara da gaisuwar da za ta kai ka ka gama cin tuwo. Sai na san wane surukin wane ne, wane da wane suna shari'ar gona. Idan aka turo rasuwa, sai na riƙe ta na bincika ko an je an faɗa wa iyaye baki da baki, don ba za a ce uwa ta ji mutuwar ɗanta a bakin waya ba ina raye. Lokacin siyasa kuwa, ramewa nake yi. Mutane ne ke cika zauren, ni nawa shara da yayyafa ruwa.

Yanzu ga saniyar. Wata safiya a tsakiyar damina wani Bafulatani mai suna Buba ya yi sallama a shagon nan, sandarsa a kafaɗa, ƙafarsa duk taɓo. Na san shi, yakan kawo caji ranar kasuwa. Muka gaisa, na tambayi gida, na tambayi shanu, na tambayi ruwa, ya ce duk lafiya lau. Sai da muka sake zagayowa gaisuwar ya ce, to, sai dai ɗan abin da ba a rasa ba.

Hadari ne ya taso musu da yamma a bayan Gwangwan, da iska da tsawa, garke ya watse. Duk sun dawo sai guda, sunanta Wule, ga ta da tsohon ciki. Kuma ba tasa ba ce, ta mahaifiyarsa ce Goggo Dije. Jikar jikar saniyar da uwarta ta ba ta ce ranar da aka kai ta ɗaki. Sauran zuriyar duk ciwo ya kwashe su a wata shekara, Wule kaɗai ta rage. Ya ce tun ranar Goggo ba ta cin abin kirki, tana zaune tana fuskantar burtali. Sun bi sawu har inda ruwa ya wanke shi. Abin da yake tsoro shi ne ta bi garken fatake, don lokacin lodi ne, kuma duk saniyar da ta hau tirela ta yi Kudu, ko labarinta ba a sake ji.

Kafin ya iso ma wani maƙwabcinsu mai son taimako ya riga ya ɗauki hoton wata saniyar mai kama da ita ya jefa a zaure, ya ce ga irinta. Na duba waya na tarar zaure yana tafasa. Farar saniya fa aka ce, a ƙasar nan. Wannan ya ce ya gan ta a bakin rafi, wancan ya turo hoton ta maƙwabcinsa, wata ta ce ta yi mafarkinta. Can sai wani mai dogon baki ya kama sunan wani mahauci, ya ce a je a duba bayan gidansa. Nan take na goge, na kira shi na wanke shi tas, na kira mahaucin na ba shi haƙuri tun kafin maganar ta je kunnen 'ya'yansa. Sannan na rufe zauren, ya zama babu mai magana sai ni.

Na ce, "Buba, kai idan ka gan ta cikin shanu dubu, da me za ka gane ta?"

Ya yi murmushi. "Malam Ilu, da ganinta zan gane ta. Amma in ka ce in faɗa maka da baki, fara ce mai ƙaho."

"Babu tabo, babu tsaga a kunne?"

"Irin tsagarmu ce, rabin rugagen nan ita suke yi." Sai ya ƙara da cewa, "Ita dai ta san muryar Goggo. Ko tana ƙetaren rafi, in Goggo ta kira ta sai ta amsa. Ni in na kira, ko kunne ba ta kaɗawa."

Sai na ji kamar Malam Tanimu yana tsaye a bayana yana gyara tabarau. Wa zai karanta? Duk muna ta aika wa mutane saƙo, alhali mutane ba su san ta ba. Wadda ya kamata saƙon ya je wa ita ce saniyar.

Washegari da sassafe na hau babur na bi Buba rugarsu. An hura wa shanu hayaƙi, ya kwanta a kan ciyawa bai tashi ba, maruƙa suna jere a dangwali suna ta kuka. Goggo Dije 'yar siririyar tsohuwa ce, da ƙwarya a hannu. Na durƙusa muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta sa aka kawo mini nono mai ɗumi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, cewa ina so in ɗauki kiranta a waya a kunna a kasuwannin shanu, sai ta kawar da kai.

"Muryata a kara, Malam Ilu? A tsakiyar maza, ana cinikin shanu?"

Na ce, "Goggo, ba za a faɗi sunanki ba, ba za a ga fuskarki ba."

"Ai kiran ba a yinsa haka kawai don an ce a yi. Sai da ƙwarya a hannu, sai ana tatsa." Ta dubi Buba ba ta kira sunansa ba, don ɗan fari ne. "Wancan bai gaya maka ba?"

Ban ja da ita ba. Wanda ya yi zaman teburin Malam Tanimu ya san ba a matsa wa mai magana. Na kife wata ƙwarya kusa da turken da babu kowa a kansa, na kunna ɗaukar murya na ɗora wayar a kai. Na ce, "Goggo, ga ta nan tana ji. In kin ga dama shi ke nan, in ba ki gani ba, in na dawo sai in goge kukan maruƙa in tafi." Muka koma bayan bukka ni da Buba muka zauna.

Muna jin ƙarar nono yana zuba a ƙwarya, tana bin shanun ɗaya bayan ɗaya. Aka daɗe. Rana ta fara huda hayaƙin. Har na fara tunanin hanyar komawa, sai na ji ta. Ba waƙa ba ce, kuma ba magana ba. Ta faro shi can ƙasa a maƙogwaro, ta ja sunan Wule ta yi sama da shi, ya yi tsawo har ka ce numfashinta zai ƙare, sannan ta sauke shi da ɗan ƙyas na harshe. Ta yi shiru kamar mai jiran amsa, ta sake. Sauran shanun ko ɗaga kai ba su yi ba, sun san ba da su ake ba. Buba kuwa ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da sanda.

Da ta gama ta zagayo da kanta, ta miƙo mini wayar da hannu biyu. Ta ce, "Ka kai mata."

Na buɗe zaure na yi magana a taƙaice. Na ce ba a zargin kowa, kada wanda ya sake kama sunan wani. Duk mai zuwa wata kara ko mai wucewa ta kusa da garken fatake, ya kunna wannan kira kusa da fararen shanu, ya dubi kunnuwansu. Na ce murya ce ta uwar wani, a riƙe ta da mutunci. Daga nan abin ya fita daga hannuna. Direbobi suka tura wa direbobi, masu awo suka tura wa dillalai, matan aure suka tura wa 'yan'uwansu a garuruwan da aka kai su aure. Wani ya sake faɗin bayanina da Fulatanci ya haɗa. Ya shiga zaurukan da ban san da su ba, har ya zagayo wani ya turo mini shi yana cewa, Malam Ilu ka ji wannan. Wani shaƙiyyi ya mayar da shi ƙarar kiran wayarsa, na kira shi na tambaye shi ko zai so a yi wa tsohuwarsa haka, ya cire.

Matsala ta fito daga waɗanda suka gwada. Suka ce kara akwai hayaniya, muryar waya ba ta wuce tsawon hannu. Ina ta juya abin ban ga mafita ba, sai ga saƙon wata mai ƙuli-ƙuli daga Falgore, ana jin turmi a bayanta. Bayan gaisuwa ta ce, "Wai ni masu maganin gargajiyar nan da ke hana mu sakat da lasifika a kowace kasuwa, ba za su yi rana ɗaya su yi abin kirki ba?" Zaure ya kwashe da dariya, amma kowa ya ga gaskiyarta.

Ranar da manyan kasuwannin shanu ke ci, Buba ya tafi wadda ya fi zato. Sauran kuwa sai wanda Allah Ya kai. Ni na koma ruga, don in labari ya zo a same ni kusa da mai shi. A rugar babu sabis sai a kan wani tudu, gindin wata ɗorawa, nan ma sai an rataye wayar a reshe. Na rataye ta na zauna a kan saiwa. Can sai ga Goggo Dije ta hawo da faifan da take saƙawa, ta zauna ɗan nesa da ni, ta ce iska ta zo sha.

Ban taɓa yini irin wannan ba. Gero ya yi kore har ƙarshen gani, iska tana bi ta kansa tana kwantar da shi, balbelu suna sauka suna tashi. Gajimare suna wucewa a hankali, inuwarsu tana hawa tudun tana sauka. Wayar tana lilo a reshe. Ina kallonta ina tunanin a daidai wannan lokaci muryar tsohuwar nan tana yawo a garuruwan da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba, ita kuwa ga ta nan tana soka zare a faifai. Duk sanda wayar ta yi ƙara sai hannunta ya tsaya, amma ba ta ɗago kai.

Saƙonni suka yi ta zuwa. An kunna a nan, babu wadda ta motsa. An kunna a can, wata ta ɗaga kai amma bijimi ne ashe. Buba ya ce ya zagaye tasa kasuwar kaf, babu ita. Na yi azahar a gindin bishiyar. Na san da la'asar ake fara lodi, Goggo ma ta sani. Inuwar ɗorawar ta juya ta bar mu a rana, muka matsa.

La'asar ta kawo jiki sai ga saƙo daga wani direba, Ɗan'azumi, wanda ban taɓa gani ba, a wata kara mai nisa da ko a lissafinmu ba ta. Na sauko da wayar na kunna. Yana haki.

"Salamu alaikum, Malam Ilu, da fatan an yini lafiya, ya iyali. To wallahi na samu mai maganin basir ɗin nan, da ƙyar ya yarda ya yi shiru, na kara wayata a bakin abin maganarsa. Kiran yana fita kasuwa ta yi tsit. Akwai wata fara a layin lodi, saura kaɗan a kai kanta. Ta juyo, ta fizge igiya, ta ja mutum biyu a ƙasa har gaban motar. Yanzu haka ga ta nan ta kafa hanci a jikin lasifika. Bari ku ji."

Sai hayaniya, sai ƙarar iska. Sannan kukan saniya ya fito, mai kauri, mai tsawo, ya karye a ƙarshe, ya sake tashi.

Faifan ya faɗi daga cinyar Goggo Dije ya gangara. Ta miƙe tsaye. Ta ce, "Ita ce."

Nan take na kira Ɗan'azumi na ce ya haɗa ni da sarkin kara. Muka gaisa a gurguje, na yi masa bayani, ya ce ai shi ma kiran yana wayarsa, ƙanwarsa ta turo masa. Ya sa aka ɗaure saniyar a gefe. Falken da ke da lodin ya karɓi waya ya ce a hanya ta shiga garkensa, masu kora suka ɗauka cikin sayayyarsa take, kuma bayan abin da idonsa ya gani ba ya buƙatar rantsuwar kowa, mai ita ya zo da shaidunsa ya kama abarsa. Na kira Buba na faɗa masa inda zai nufa. Washegari ya shigo da ita ruga, kuma kafin kaka ta haifi maraƙa mace.

Amma ni ba shigowarta nake yawan tunawa ba. Abin da nake tunawa shi ne bayan na gama kiraye-kirayen nan, na juyo na tarar Goggo tana nan tsaye inda na bar ta, idonta a kan wayar.

Ta ce, "Malam Ilu, yanzu in na yi magana za ta ji?"

Na ce, "Za ta ji, Goggo. Ki danne nan da yatsa, kada ki saki sai kin gama."

Matar da ta ce ba za a ji muryarta a tsakiyar maza ba, ta karɓi wayar, ta goge yatsanta a zani, ta danne. A gabana, babu ƙwarya a hannunta, ta ja sunan Wule har ya gangara tudun ya shiga cikin gero. Ta saki. Muka tsaya muna kallon wayar. Ba a jima ba ta yi ƙara, na kunna, ashe Ɗan'azumi ya kai mata saƙon, saniyar ta amsa. Goggo ta sa gefen mayafinta ta share ido, ta sake dannewa.

Ni kuwa na koma kan saiwar na zauna, na bar su suna yi. Baba Na'ibi ne ya faɗo mini a rai, da takalminsa a bakin ƙofar shagona. Na yi masa addu'a, na ce a zuciyata, Baba, da za ka dawo ka sake sallamar nan, yanzu akwai mutane a gidan.